Tallan saƙon murya: Abin da ke sa kwastoma ya amsa ko ya toshe lamba

Daga titin Maiduguri a Hotoro zuwa Court Road a Gyadi-Gyadi da kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, akwai matasa da yawa da abincinsu ya rataya a kan kiran mutanen da ba su san su ba. Masu sayar da kayan sola, dillalan filaye, wakilan kamfanonin POS da masu kai kaya shaguna, duk suna tara lambobi suna bugawa. Sai dai mutane da dama sun daina ɗaukar baƙuwar lamba. Idan waya ta katse ba a ɗauka ba, abin da ya rage wa mai talla shi ne ya bar saƙon murya, kuma a nan ne da yawa ke zubar da damarsu.

A ƙasashe irin su Amurka, mai kira kan bar saƙo a akwatin murya na layin waya. Wannan al'ada ba ta samu gindin zama a Najeriya ba tun zuwan wayar salula a 2001. Abin da ya karɓu shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda manhajar ta fito da shi a 2013. A 2022 kamfanin ya ce ana tura irin waɗannan saƙonni kimanin biliyan 7 a kullum a faɗin duniya. A Kano abin ya zo daidai da ɗabi'ar jama'a, domin ɗan kasuwar da ba ya son dogon rubutu zai iya kara waya a kunne ya saurara yana ci gaba da awo.

Saƙon murya ga wanda bai san mutum ba tamkar sallama ce a ƙofar gida. Mai sallama yakan faɗi ko shi wane ne, ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan ya jira a ba shi izini. Ba a taɓa ganin baƙo ya kwance kayansa a zaure kafin maigida ya fito ba. Aikin saƙon farko ke nan: ya sa a amsa. Duk mai ƙoƙarin ƙulla ciniki a cikinsa, da jero farashi da rantse-rantse a kan ingancin kaya, ya riga ya wuce gona da iri.

Babban abin da ke gaban mai talla a yau shi ne zargi. 'Yan damfara sun ɓata hanya, suna kiran mutane da sunan banki suna neman lambar BVN ko lambar sirrin katin ATM. Kamfanoni ma sun gajiyar da jama'a da talla, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 a 2016 don mutane su toshe saƙonnin da ba su nema ba. Don haka wanda ya ga saƙon murya daga baƙuwar lamba, tambayar farko a ransa ita ce a ina aka samu lambarsa. Mai talla mai hankali zai amsa wannan tambaya tun kafin a yi ta. Idan maƙwabcin shago ne ya ba da lambar, a ambace shi da izininsa. Idan a jikin allon shago aka gani, a faɗi haka. Kalamai irin su "akwai wata muhimmiyar magana, a kira ni" salon macuta ne, kuma wanda aka yaudara ya kira ya tarar talla ce ba zai sake ɗauka ba.

Bayan haka sai tsawon saƙo. Kafin mutum ya danna ya saurara, WhatsApp na nuna masa tsawonsa. Mai shagon kayan masarufi a kasuwar Tarauni da ya ga minti huɗu daga wanda bai sani ba zai ce sai anjima, kuma anjimar ba ta zuwa. Daƙiƙa talatin ta isa. Misali, mai kayan sola zai iya cewa: "Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Sunana wane, daga shagon sola na titin Maiduguri, Hotoro. A allon shagonka na ga lambarka. Na lura kana tayar da janareta saboda firiji, kuma muna haɗa solar da ke ɗaukar firiji. In ka ba ni izini, zan leƙo gobe bayan La'asar na minti biyar. Na gode." A cikin wannan akwai suna, akwai wurin da za a iya zuwa a gani, akwai dalilin da ya shafi mai saurare shi kaɗai, sannan akwai buƙata ɗaya tak mai sauƙin amsawa da e ko a'a.

Wasu za su ce gajarta magana rashin ladabi ne, domin Bahaushe ba ya shiga zance sai ya tambayi gida da iyali da gajiya. Maganarsu tana da tushe, kuma saƙon da ya faɗa kan talla babu sallama ya cancanci a share shi. Amma doguwar gaisuwa ta mutum biyu ce, wannan ya tambaya wancan ya amsa. Idan mutum ɗaya ya jero tambayoyi goma babu mai amsa masa, ya cinye lokacin dattijon da yake cewa yana girmamawa. Sallama da gaisuwa ɗaya da kiran mutum da laƙabin da ya dace, Alhaji ko Hajiya ko Malam, sun wadatar. Sauran gaisuwar a ajiye ta sai ranar da aka haɗu.

Akwai kuma masu naɗar saƙo ɗaya su watsa wa mutum ɗari. Manhajar kan sa alamar cewa turo shi aka yi, kuma ko babu alamar, kunne na gane maganar da ba da shi ake ba. Gara mutum goma da aka san sana'arsu da buƙatarsu da ɗarin da aka yi wa jam'u. Mai gidan burodi da mai kemis ba damuwarsu ɗaya ba, bai kamata su ji magana iri ɗaya ba.

Wuri da lokaci ma suna magana. Saƙon da aka naɗa a bakin titi kusa da depo na NNPC a Hotoro, cikin ƙarar tankokin mai da hon ɗin Adaidaita Sahu, ba zai jiwu ba. A nemi wuri mai shiru, a yi magana a natse, a saurari saƙon kafin a tura. A guji lokutan salla da tsakar ranar Juma'a. Tura wa matar aure saƙon murya da dare, ko da na tallan atamfa ne, na iya haddasa fitinar da ta fi ƙarfin ribar. Yana da kyau a biyo bayan muryar da rubutu layi ɗaya mai ɗauke da suna da adireshin shago, saboda wanda ke cikin taro ya gane ko wane ne ba sai ya kunna ba.

Idan an yi shiru fa? Tarbiyyar Musulunci ta koyar da cewa sallama sau uku ce, in ba a amsa ba a juya. Wannan ma'auni ya dace da talla: saƙon farko, tunatarwa bayan 'yan kwanaki, sai na ƙarshe da ke nuna ba za a sake damun mutum ba. Wanda ya ce a daina, a daina nan take. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowane ɗan Najeriya 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya, kuma WhatsApp na iya rufe lambar da mutane suka yawaita kai ƙararta. Ga matashin da duk kwastomominsa ke kan layi ɗaya, wannan asarar jari ce.

Masu shaguna da kamfanonin da ke tura yara neman kasuwa su ma suna da nasu alhakin. Maimakon su riƙa ƙirga yawan lambobin da yaro ya buga a rana, su zauna su saurari saƙonnin da yake turawa da sunansu, su gyara masa, su kuma auna shi da yawan waɗanda suka ce ya zo. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma a Kano har gobe ciniki mai kauri ido da ido ake ƙulla shi. Saƙon murya na daƙiƙa talatin shi ke nema wa mai talla izinin wannan zuwan.