Barewa a Cikin Giya: Wa Ya Biya?



A Turai akwai wani girki da manya ke ji da shi, wato naman barewa da aka tsuma a jar giyar inabi. Naman ba kitse, ga tauri ga ƙarni, shi ya sa ake jiƙa shi a giya da albasa da karas da ganyen ƙamshi, ya kwana ɗaya ko biyu yana sha, sannan a dafa shi a hankali har ya yi laushi. Gwanintar kuku ce, ban ja ba. Tambayata ɗaya ce: wa ya biya?

Tun fil azal talaka ke biya. A Ingila, dokar 1723 ta tanadi rataya ga wanda ya shafa baƙi a fuska ya shiga gandun manya farautar barewa. A Faransa kuwa, barewa za ta cinye alkamar manomi yana kallo, ba shi da ikon harbinta, domin farauta gatan masu sarauta ce, sai da juyin juya halin 1789 ya soke wannan gata. Gonarsa ta yi kiwo, teburin wani ya ci nama.

Yau ba a rataya, haraji ake karɓa. Masu mulki su hallara a ƙasaitaccen otal don tattauna tsadar rayuwa, su rufe taro da liyafa. Namu ma suna ciki, da kuɗin guzuri, da mai riƙe jaka, da mai riƙe wayar mai riƙe jaka. Wa ya biya?

Na san wani zai ce, "Subhanallahi, giya!" Haramun ce, babu musu. Amma abin da ke ba ni haushi shi ne babban mutum ya ture farantin barewar, ya ce a kawo masa kifi, ya dawo gida ana yabon tsoron Allahnsa. Ranka ya daɗe, kifin fa? Kujerar gaban jirgin fa? Ɗakin otal ɗin da kwanansa ɗaya ya fi albashin malamin firamare na wata fa? Giya ce kaɗai haramun? Dukiyar jama'a da zamzam aka wanke ta?

Ku ci barewa, ku ci dawisu in kun ga dama, daga aljihunku. In kuwa daga baitulmali ne, a kawo mana rasit, za mu karanta shi a wannan fili, layi bayan layi, har kuɗin tsinken sakace.