Karkacewar ƙashin baya: Iyaye, mu riƙa duba bayan 'ya'yanmu

Mu da muka daɗe a nan Kuala Lumpur, muka haifi 'ya'ya muka sa su makaranta, akwai wata lalura da ke shigowa gidajenmu ba sallama, wato karkacewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sikoliyosis. Tana kama yara ne daga shekara 10 zuwa lokacin da girma zai tsaya, kuma a cikin yara 100 akan samu biyu zuwa uku da ita. A wani bincike da likitocin Jami'ar Malaya suka wallafa a 2017, sun duba ɗalibai kusan 9,000 a Kuala Langat ta jihar Selangor, abin da suka samu bai yi nisa da wannan adadi ba.

Abin da ke sa lalurar ta ɓuya shi ne, galibi ba ta da zafi da farko, kuma ta fi tsananta a jikin 'ya'ya mata. A daidai wannan lokaci ne kuma kunya ke shiga tsakanin uwa da 'ya, yarinya ta daina sauya kaya a gaban kowa, ga hijabi da doguwar riga. Sutura abin alfaharinmu ce, amma ba ta hana uwa ganin bayan 'yarta a cikin ɗaki ba.

Dubawar kuwa ba ta kai minti guda. Yarinya ta haɗe ƙafafu, ta sunkuya kamar mai ruku'u, hannuwa a sake, uwa ta tsaya ta baya. Idan haƙarƙarin gefe guda ya fi ɗagowa, ko a tsaye kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko ƙugu ya zame gefe, sai a nufi asibiti. Masana na ba da shawarar a duba mata a shekara 10 da 12, maza kuma a 13 ko 14.

A asibiti hoton ƙashi ne zai nuna girman lanƙwasar. Idan ba ta kai digiri 25 ba, sa ido kawai ake yi. Daga nan zuwa wajen 40, in yaro bai gama girma ba, sai a ɗaura masa rigar roba mai tauri. Idan ta haura 45 ko 50, sai a fara maganar tiyata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka sa rigar ba su kai matakin tiyata ba, alhali a cikin waɗanda aka zuba wa ido kashi 48 ne kawai. Amma rigar ba ta amfani sai ƙashi na cikin girma, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka mu daina ɗora laifi a kan jakar makaranta ko zaman banza, ballantana sammu ko aljanu. Akasari ba a san musabbabinta ba, sai dai tana bin dangi. Haka nan mu daina cewa a bari sai an je gida hutu a kai wa mai ɗori. Ɗori na karaya ne, wannan kuwa ba karaya ba ce. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Malaya kusa da mu, 'yan'uwa na gida kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Muna kira ga ƙungiyoyinmu da malaman Islamiyya su riƙa tunatar da iyaye mata a wuraren suna da walima. Yarinyar da aka ɗaura wa riga kuma a ƙarfafa mata gwiwa, kada a bari ƙannenta su mayar da ita abin tsokana, domin sa ta awa 18 a rana cikin zafin garin nan ba wasa ba ne. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.