Rajistar Masaukin Baƙi: Me Doka Ta Ce, Kuma Ina Ruwan Mutanen Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa?

A 'yan shekarun nan hukumomin manyan biranen duniya sun taso wa masu bayar da hayar ɗaki ta 'yan kwanaki, musamman masu samun baƙi ta intanet a dandalin Airbnb. Tun daga watan Satumba na 2023 birnin New York na Amurka ya tilasta wa mai bayar da hayar ƙasa da kwana 30 yin rajista. A watan Yuni na 2024 kuma birnin Barcelona na ƙasar Sifen ya ba da sanarwar cewa lasisin irin waɗannan gidaje kimanin 10,000 zai ƙare a 2028. Damuwarsu ita ce tsadar haya, domin masu gidaje sun fi son baƙon kwana uku a kan ɗan gari.

A yankinmu na kudancin Jihar Katsina matsalar daban ce. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wane ne ya kwana a garin nan jiya, kuma wa ya san shi?

Idan za a iya tunawa, a watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A watan Yuni na 2024 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje, aka rasa rayuka da dama. Jama'ar da ta ga wannan ba ta buƙatar dogon bayani kan amfanin sanin baƙo.

Hasali ma wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin fatauci, fatoma ne ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta taso. Baƙon da zai daɗe kuwa sai an kai shi gaban mai unguwa. Rajista ba komai ba ce illa mayar da wannan tsohuwar amana a rubuce, tunda yanzu babur kan kawo mutum da magariba ya tafi da shi da asuba.

To, wa ke da ikon yin rajistar? Kotun Ƙoli ta warware wannan a watan Yuli na 2013, a shari'ar da Gwamnatin Tarayya ta yi da Jihar Legas. Kotun ta yanke hukuncin cewa ba wa otal da masauki lasisi da sa musu ido hurumin jihohi ne, ba na hukumar yawon buɗe ido ta tarayya ba. Rajistar sunan kasuwanci kuwa tana hannun hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, amma takardarta ba lasisin masauki ba ce. Wajibi ne jami'an ƙananan hukumomi su bambance waɗannan, don kada a riƙa karɓar kuɗi daga hannun jama'a ba tare da doka ko rasit ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, duk mai karɓar kuɗin kwana, ko ɗaki ɗaya ne a zaure da yake bai wa masu zuwa cin kasuwar Sheme, ya tanadi littafi: sunan baƙo, garinsu, lambar waya, lambar shaidar ɗan ƙasa idan yana da ita, ranar sauka da ta tashi. Na biyu, littafin amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana watsa bayanan mutum barkatai, kuma a inda ake fama da masu kai wa ɓarayi rahoto, sunan ɗan kasuwa da ranar tafiyarsa na iya jefa shi cikin haɗari. Saboda haka a nuna shi ga hukuma kawai. Na uku, a raba ɗan haya da ɗan gudun hijira. Wanda ya buɗe wa 'yan'uwansa ƙofa bayan an kore su daga ƙauyensu ba sana'a yake yi ba. Ya sanar da mai unguwa, amma bai dace a nemi ko sisi a wurinsa ba.

Daga ƙarshe, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 ta dogara ne ga bayanan da jama'a ke ba ta. Idan aka mai da rajista hanyar tatsar talaka, masu masauki za su ɓoye baƙinsu, bayanan su yanke. Idan kuwa aka sauƙaƙa ta, aka sa hakimai, dagatai da masu unguwanni a gaba, mai gida zai kawo littafinsa da kansa, domin shi ne shaidarsa ranar da aka zo tambaya.