Doktora a kan gargadar jirgi: sararin Damagaram ma na buƙatar masu karatunsa



In aka ce wani ɗalibi ya share shekara uku ko huɗu yana binciken doktora a kan yadda za a rage gargadar jirgin sama, don fasinja da ma'aikatan jirgi su yi tafiya cikin natsuwa, mun san abin da za a ce a fada wajen shan shayi. Za a ce ƙoshi ne. Mu da ke bin layin ruwa da jarka tun asuba, ina ruwanmu da shayin wani da ya zube a sararin samaniya? Maganar na da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a namu gani wannan karatu ya shafe mu, kuma ya kamata a samu ƴaƴan Damagaram a cikinsa.

Mu fara da gargadar kanta. Iska ba ta tafiya sumul, tana da tudu da kwari kamar hanyar laterit bayan damina. Da rana tsaka a bazara ƙasa na ɗaukar zafi, iska mai zafi ta riƙa tashi sama, shi ya sa wanda ya taɓa shiga ƙaramin jirgi tsakanin Yamai da Zinder ya san tafiyar safe ta fi ta azahar laushi. Akwai gargadar cikin hadari, inda iska ke hawa da sauka da ƙarfin gaske. Sannan akwai wadda ta fi yaudara, ta sarari garau babu gajimare, wadda radar ɗin jirgi ba ya gani saboda babu ɗigon ruwan da zai nuna masa.

Kuma abin ya wuce zubewar shayi. Ranar 21 ga Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa gargada a saman ƙasar Myanmar. Cikin daƙiƙa 4.6 ya yi ƙasa da mita 54. Waɗanda ba su ɗaure santir ba suka bugi rufin jirgi, wani dattijo ɗan Ingila mai shekara 73 ya rasu, da yawa suka ji munanan raunuka, dole jirgin ya sauka a Bankok. A Amurka, hukumar binciken haɗurran sufuri ta duba shekarun 2009 zuwa 2018, ta gano kusan kashi 79 cikin 100 na waɗanda gargada ta yi wa mummunan rauni ma'aikatan cikin jirgi ne, don su ne ke tsaye suna hidima.

To wa ke neman magani? Ɗaliban doktora na gaba-gaba. A 2023 Mark Prosser, ɗalibin doktora a jami'ar Reading ta Ingila, tare da malaminsa Paul Williams, sun nuna cewa gargada mai tsanani ta sarari garau ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 a saman arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020, abin da ya zo daidai da ɗumamar yanayi. A birnin Viyana na Ostiriya kuma, binciken András Gálffy ya kai ga kamfanin Turbulence Solutions. Dabararsu ita ce na'ura a gaban fiffike ta ji canjin iska kafin ya iso, sai wasu ƙananan fikafikai a bayan fiffiken su motsa nan take su shanye bugun. Kamfanin ya ce a gwajin ƙaramin jirgi an rage girgiza da kimanin kashi 80 cikin 100.

Kun ga, kowa sararinsa yake karantawa. Namu fa? Hadarin Sahel na cikin mafi ƙarfi a duniya. Duk mun san shi: gabas ta yi baƙi, jar ƙura ta riga ruwa isowa, cikin mintoci rufin kwano ya tashi. Irin wannan hadari kan jeru layi guda na ɗaruruwan kilomita yana tafiya yamma, kansa kuma na iya zarce kilomita 15 a sama. A 2017 masanin Ingila Christopher Taylor da abokan aikinsa sun duba hotunan tauraron ɗan adam, suka ce yawan hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun 1982, kuma sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ranar 24 ga Yulin 2014 jirgin Air Algérie da ya taso daga Wagadugu ya faɗi kusa da Gossi a Mali, mutum 116 suka rasu. Matuƙan sun karkata don kauce wa hadari, sai ƙanƙara ta toshe na'urorin auna ƙarfin injin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

A nan ne maganar ta dawo gida. Hadarin da matuƙi ke gudu a sama shi ne ke sauka a kanmu. Shi ne ya rusa gidaje a daminar 2024, har tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba. Ɗalibin da ya iya faɗa wa matuƙi inda hadari zai bi nan da awa biyu, da lissafin nan ɗin zai gargaɗi manomi a Mirriya, da direban da ke kan hanyar Tanut, da uwar da ƴaƴanta ke kwance a ɗakin ƙasa. Ilimin ɗaya ne.

Kuma ba daga sifiri za mu fara ba. Makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tana Yamai tun 1963, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da ma'aikatan meteyo na ƙasashe da dama. Cibiyar AGRHYMET tana nan tun 1974, ACMAD ma a Yamai take. A 2006, lokacin shirin AMMA na binciken daminar Afirka ta Yamma, masana daga Faransa, Ingila da Amurka sun zo da jiragen bincike da radar suka auna hadarinmu tare da namu masanan. In wasu sun tsallako teku don sararinmu, mai ɗaki fa, wanda shi ya san inda ke yoyo?

Ga abin da muke roƙo. Jami'ar André Salifou ta nan Zinder da ta Abdu Mumuni ta Yamai su zauna da hukumar meteyo da ASECNA, a fitar da batutuwan doktora a kan hadari, ƙura da gargada, a buɗe wa ɗalibai bayanan yanayin da ake tattarawa a filin jirgin Zinder. Gwamnati ta ware burs na musamman, mai zuwa a kan lokaci, don ba a yin lissafin iska da yunwa.

Sai ku Alhazanmu na Zango da Kasuwar Dole. Wannan unguwa masaukin ayari ce tun asali, kuma kakanninmu sun san darajar madugu, mutumin da ake biya don ya san hanya, rijiya da alamun sama. Madugun yau a lisen Amadu Kuran Daga yake, yana fama da lissafi da fizik a aji C ko D. Attajiri biyar in sun haɗa hannu za su iya riƙe ɗalibi ɗaya, namiji ko mace, har ya kare doktoransa.

Mu ƴan rediyo ma akwai namu: duk wanda ya yi irin wannan bincike mu ba shi makirfo ya bayyana shi da Hausa, hasashen yanayi kuma ya riƙa fita a kan kari.

Kafin nan, Alhaji da Hajiya, in Allah ya kira ku Makka ko wata tafiya ta kama, ku bar santir a ɗaure muddin kuna zaune, ko da fitilar ta mutu. Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya.