Death Note a wayoyin ƴaƴanmu: a tattauna kafin a ƙwace

Iyaye da yawa a Tawa, in suka ga yaro yana kallon fim ɗin zane a salula, sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai wasan yara ne. Sai dai cikin zanen Japan da ake kira anime akwai wanda aka yi don masu hankali, kuma Death Note na cikin waɗanda ɗaliban kwaleji da lise suke turawa junansu da fassarar Faransanci. Ra'ayina shi ne ya kamata malamai da iyaye su san abin da ke cikinsa, domin ƙwace waya kaɗai ba ya amsa tambayar da fim ɗin ke dasawa a zuciyar matashi.

Tsugumi Ohba ne ya tsara labarin, Takeshi Obata ya zana shi daga 2003 zuwa 2006, sannan kamfanin Madhouse ya mai da shi fim mai kashi 37 tsakanin 2006 da 2007. Light Yagami ɗalibi ne mai shekara 17, haziƙi, ɗan babban ɗan sanda. Ya tsinci wani littafi da Ryuk, halitta daga duniyar ɓoye, ya yar saboda zaman banza ya ishe shi. Duk wanda aka rubuta sunansa a ciki, ana tuna fuskarsa, zuciyarsa za ta buga cikin daƙiƙa 40. Light ya fara da masu laifi, sai wani mai bincike da ake kira L ya shiga farautarsa.

Labarin aljanu ba baƙo ba ne a ƙasar Adar. Mun tashi da tatsuniyar Dodo, kuma kowa ya san tarihin bori a yankin nan. Amma a labaranmu aljani ne ke hawa kan mutum, shi ke ɗaukar alhakin abin da ya faru. Ryuk kuwa bai taɓa tilasta wa Light komai ba. Kallo kawai yake yi yana dariya. Yaron ne da hankalinsa da hannunsa ke rubutawa. A nan ƙarfin labarin yake, domin mai kallo ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Me ya sa yaranmu ke son sa? Matashin da ya ji labarin mutum 137 da aka kashe a ƙauyukan Tillia ranar 21 ga Maris 2021, wanda mahaifinsa ke ci-rani a Abidjan ko Libiya, yana da fushi da tambayoyin da babu mai saurara. Sai ga fim yana nuna masa ɗalibi kamarsa, da biro kawai, yana hukunta azzalumai. Wa zai yi mamakin ya so shi?

Abin da ya kamata a nuna masa shi ne inda hanyar ta kai. Light bai daɗe ba ya fara kashe jami'an da ke bincikensa, waɗanda ba su yi laifin komai ba. Ya yaudari mahaifinsa, ya yi amfani da yarinyar da ke ƙaunarsa kamar kayan aiki, ya kira kansa abin bauta. A ƙarshe Ryuk ne ya rubuta sunansa. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Masu cewa a hana kallon suna da hujja. Akwai kisa a ciki, akwai maganar ikon mutuwa da makomar rai da ta saɓa wa aƙidarmu, kuma a 2021 wata kotu a Rasha ta hana wasu shafukan intanet nuna shi. Yaron firamare bai kamata ya gan shi ba, a nan babu jayayya. Amma ɗan shekara 16 da aka hana a gida zai kalla a wayar abokinsa, ya tsaya a kashin farko inda Light ke birgewa, babu babba kusa da zai ce masa duba ƙarshe.

Shawarata ga ɗalibanmu masu koyon aikin malanta da kuma iyaye ita ce a yi wa yaro tambayoyi uku. Wa ya naɗa Light alƙali? Ina shaidunsa, tunda sunaye yake ɗauka daga talabijin? In ya yi kuskure, wa zai dawo da ran? Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka sun ɗora hukunci kan hujja da alƙali saboda waɗannan tambayoyin. A yankin da jita-jita kan iya sa jama'a su far wa mutum da sunan ɓarawo ne, darasi ne da yaro ke bukata tun kafin ya gama lakwal.