Malam, Kafin Ka Ranci Kuɗin Mota

A cikin zagayen makarantu da na yi bayan damina, na sauka gidan wani hedimasta, mutumin kirki, wanda ba zan faɗi sunansa ba. A ƙofar gidansa, gindin darbejiya, ga wata ƙatuwar mota baƙa ƙirar Jamus, tayoyinta biyu sun sace, ƙura ta yi mata riga, kaji kuwa sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Na tambaye shi labarinta. Ya ce wata bakwai ke nan ba ta motsa ba. Wani abu ne ya mutu cikin ƙwaƙwalwarta, bakaniken garin ya buɗe ya duba, ya ce wannan ba aikinsa ba ne sai Kano, a Kano kuma aka ce sai an aiko da kayan daga waje. Ga shi kuwa kowane ƙarshen wata ana yankar sulusin albashinsa ana biyan rancen da ya ci wurin ƙungiyar adashin malamai. Da gari ya waye a bayan babur ɗin haya ya tafi makaranta, yaransa na aji shida suna kallonsa.

Ba don in yi masa dariya na kawo labarin nan ba. Na kawo shi ne domin na san akwai malamai da akawuna da yawa masu karanta wannan jarida waɗanda yanzu haka takardar neman rance tana cikin aljihunsu. Abin da ni ke so in gaya musu shi ne, ƙarkon mota ba cikin sunanta ya ke ba, ba kuma cikin ƙasar da aka ƙera ta ba. Motar da ke da ƙarko a wurinka, Malam, ita ce wadda bakaniken garinku ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwar da za ka iya zuwa ka komo ran nan. Da ɗan gari a kan ci gari.

Iyayenmu sun san haka. A 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji, aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kakuri, Kaduna, ita ce Fijon da kowa ya sani. A shekarar nan kuma aka fara harhaɗa Volkswagen a Ikko. Daga baya Gwamnati ta mai da Fijo motar ofis, tun daga manya har ƙasa. Ba shakka mota ce mai kyau. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, har a 1975 ɗin nan ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda hanyoyinsa ba su fi namu daɗi ba. Amma ba wannan ne ya sa ta yi shekara talatin tana mulkin hanyoyin Arewa ba. Abin da ya sa shi ne, ko ina ta tsaya akwai wanda ya san ta. In kafireto ya toshe, yaron gareji sai ya kwance shi ya wanke da fetur ya hura ya mayar. In fanbel ya tsinke, mai faci na bakin hanya ma yana da wani rataye a ƙusa. Turai ta daɗe da barin ta, Kaduna tana ta fid da ita har bayan shekarar 2000, don masu saye ba su ga dalilin rabuwa da abin da ba ya kwana da su a daji ba.

Zamanin Fijo ya wuce, ba na kuwa cewa a koma. To, yaya mutum zai gane wadda ta gaje ta? Shawarata ba ta da tsada. Tafi tashar garinku da sassafe, ka sami benci ka zauna, ka ƙirga irin motocin da direbobin haya ke lodi. Direban haya ba ya sayen mota don a gan shi, da ita ya ke ci da iyalinsa, ran da ta kwana gareji ran nan ba cefane. In ka ga Golf da Sharon da Toyota sun cika tashar, ka san ba ƙauna ce ta tara su ba, lissafi ne. Sa'an nan, in hali ya yi, ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ka ambaci sunan motar da ranka ke so, ka tambayi kuɗin lagireto da shakazoba da giyabos. In mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko, madalla. In ya ce bari ya buga waya, to, ka ji amsarka. Toyota Corolla, wadda aka fara yi a Japan a 1966, an sayar da fiye da miliyan 50 nata a duniya zuwa 2021. Ba abin da za ta burge maƙwabci da shi, amma yawan nan nata shi ne arzikin mai ita.

Sai batun mai. Ran 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. A shekarar nan ta 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Ku malamai ne, ku yi lissafin da kanku: tanki mai cin lita 50, a kan naira 1,000, ya lashe 50,000 ke nan tun ba a taɓa baƙin mai da taya da inshora ba. Wanda ya sayi injin mai silinda 6 don zuwa makarantar da ke mil uku daga gida, ya sayi doki ne ba shi da harawa.

Yawancinmu ba sabuwa za mu saya ba, sai wadda a ke kira Beljiyam, ko wadda ta riga ta zaga hannu uku cikin gida. A nan a ke cutar mutane ƙwarai. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka an sayo su ne a gwanjo bayan sun yi haɗari ko ruwa ya ci su, aka buge aka shafa fenti. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba ko akwai busasshen laka, sa yaro ya shiga ƙarƙashi ya dubi tsatsa, don a ƙasashen ƙanƙara gishiri a ke zuba wa hanya, yana kuwa cin ƙarfe. Ka tuna agogon motar Amurka mil ya ke ƙirgawa, watau in ya nuna 100,000 ta yi kilomita wajen 160,000, in ma ba a juya shi baya ba. Kowace tana da lambar jiki mai harufa da alƙaluma 17, wadda a kan bincika tarihinta da ita ta intanet. Takardun kwastan kuwa kada ka yarda da "za a kawo". Kuma kada ka tafi da bakaniken da dillali ya zaɓa maka.

Na san wani zai ce, haba Malam, mutum ya yi shekara ashirin yana shan ƙurar alli, ba zai sayi abin da zai ji daɗi ba? Ina tare da shi. Ni ma ina son mota, ba na ɓoyewa. Akwai daɗi cikin fita da asuba lokacin kaka, iska mai sanyi tana shigowa, dawa ta yi kai dama da hauni, kana sa giya da hannunka kana jin injin yana amsawa. Akwai daɗi ran jajibirin Salla ka ɗebi iyali ka kai su gaida tsohuwa ba tare da kokawar tasha ba. Na'urar sanyi mai aiki a watan Afrilu kuwa ba almubazzaranci ba ce, duk wanda ya bi hanyar Sakkwato da azahar shaida ne. Sai dai duk daɗin nan ba ya samuwa ga mutumin da rabin hankalinsa ke kan allurar zafi, yana addu'a kada wata jar fitila ta kama. Zaɓi launin da ka ke so, sa rediyo mai kyau, yi wa kujeru riga. A nan ne kuɗin nishaɗi ba ya ciwo.

Kada kuma bakanikai su ɗauka na wanke su. Akwai wata al'ada tasu da ba na so, da an kawo mota daga waje sai su cire ɗan ƙarfen nan mai daidaita zafin ruwan injin, su haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka yi shi dominsa ya fi shan mai, ya fi kuma saurin cinyewa. Haka nan a kan zuba ruwan rijiya a lagireto, a bar matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu. Mai mota ya kamata ya karanta ɗan littafin da ke zuwa da ita, ya sami littafin rubutu ya riƙa sa ranar da ya juye baƙin mai da abin da ya kashe. Mu da mu ke tsare yara da rajista kullum safiya, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

Watan jiya na sake bi ta garin hedimastan nan. Na tarar gindin darbejiya fayau, wani dillali ya saye motar a kan abin da bai kai rabin kuɗinta ba, ya ɗora ta a bayan babbar mota. Malam ya sayi babur ɗan hannu da kuɗin, ya biya wa 'yarsa makaranta da sauran. Rancen kuwa, ya ce mini, saura wata goma sha huɗu.