Nikel a buhun gyaɗa da cikin tukunya

Tun ranar 1 ga Yulin 2025 Tarayyar Turai ta fara aiki da wata doka da ta shafi duk mai tura amfanin gona can, ko da ta hannun dillali ne a tashar jirgin ruwa ta Tema ko Kwatano. Dokar ta ƙayyade yawan wani ƙarfe, nikel, da za a yarda a samu a abinci. A kilo ɗaya na gyaɗa kada ya wuce miligiram 12, waken suya 15, kashu 10. Na hatsi, har da geronmu, aka ɗaga zuwa Yulin 2026.

Da yawa daga cikinmu mun san nikel ba mu san sunansa ba. Shi ne a jikin 'yan kunne masu araha, da kan bel, da bayan agogo, da sulallan sefa irin dala goma da dala ashirin da muke ƙirgawa safe da yamma. Matar da ta sa ɗan kunne sai kunnen ya kama ƙaiƙayi yana ruwa, a ce mata ai jikinta ba ya son jabu, galibi nikel ne jikin ya ƙi.

To me ya kai shi abinci? Mafi yawansa daga ƙasa shuka ke zuƙo shi, ba ƙazantar ɗan kasuwa ba ce, ba kuma a wanke shi ko a sheƙe shi ya fita. Wake, gyaɗa, waken suya, kashu da koko su suka fi tara shi. Kokon Gana da Kodibuwa nake nufi, na cakulan, ba wanda ake sha da ƙosai ba.

A 2020 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce jiki na iya ɗaukar maikurogiram 13 a kowane kilo na nauyin mutum kullum ba tare da illa ba. Maikurogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya. Ke nan magidanci mai kilo 60 yana da sararin 780, yaro mai kilo 10 kuwa 130 kacal. Nan maganar take. Babba da wuya ya ƙetare iyaka, amma yaron da ake ɗura wa shayin cakulan da safe, awara da rana, kunun gyaɗa da dare, kullum ba sauyi, shi ya fi kusa da bakin gaɓa. Ban ce a hana shi ba, wallahi abinci ne mai gina jiki, kuma yunwa ta fi nikel saurin kayar da yaro. A dai riƙa sauya masa. Batun ciwon daji da wasu ke yaɗawa a waya kuwa, an tabbatar da shi ne ga ma'aikatan da ke shaƙar ƙurar nikel a masana'anta.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu ƙaiƙayin nan na ɗan kunne da agogo. Wasunsu in suka ci abinci mai nikel da yawa sai ƙuraje su feso musu a tafin hannu da tsakanin yatsu. Uwargida, in kin lura hakan na faruwa da ke, je ki ga likitan fata, akwai gwajin da ake manna wa mutum a baya na kwana biyu. Kada ki yanke wa kanki wake da gyaɗa a kan zato. Ƙarancin jini ma na sa hanji ya ƙara tsotsar nikel, don haka masu ciki su kula da maganin da ake ba su wurin awo.

Sai tukunya, wadda ita ce sana'ata. Tukwanen silba da ba sa tsatsa, in ka kifa su za ka ga 18/8 ko 18/10. Lambar ƙarshen ita ce kason nikel cikin ɗari. 18/0 babu shi, shi ya sa mayen ƙarfe ke kama ta gam. Abu mai tsami, irin tumatir da tsamiya da zoɓo, in ya daɗe a wuta yana jawo nikel daga jikin tukunya, musamman sabuwa fil. Bayan an yi girki da ita sau da dama abin yana raguwa sosai. Ni abin da nake gaya wa masu haɗa kayan ɗaki shi ne a tafasa ruwan tsamiya a sabuwar tukunya sau biyu ko uku a zubar, kuma kada zoɓo ya kwana a ciki. Mai famfo a gida ya bar ruwan farko na asuba ya zuba kaɗan kafin a tara na sha.

'Yan'uwa masu buhuna, tunda daga ƙasa abin yake, gyaɗar wannan yanki da ta wancan ba lallai su zo ɗaya a awo ba. In mai saye ya nemi takardar gwaji kuma ka riga ka cakuɗe kayan kasuwa uku a sito ɗaya, kwantena ce gaba ɗaya za a riƙe. A rubuta garin da aka auno kowane kaya a jikin buhu tun daga ƙauye.